Taswirar inuwa: littafin aikin hanyoyin ƙafa a unguwarmu ta Makka

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka fara, mu huɗu. Akwai ni, akwai Kawu da ya daɗe yana jan motar haya tsakanin Makka da Jidda kafin idonsa ya raunana, akwai Malama mai karantar da mata Alƙur'ani a gidanta bayan la'asar, sai ɗan yayata da ke sakandare, shi ne mai waya da saurin hannu. Za mu bi hanyoyi huɗu da mutanen unguwa ke takawa kullum: ta masallaci, ta makarantar firamare, ta asibitin unguwa, da ta tashar bas. Duk abin da ke kansu za mu rubuta, inda inuwa take da lokacin da take zuwa, inda rasif ya yanke, wato dakalin gefen titi na masu tafiya a ƙasa, inda ake tsallaka titi, inda ake samun ruwan sha. Abin da baki zai iya gyarawa tsakanin maƙwabta mu gyara, wanda ya fi ƙarfinmu mu kai rahoto.

Abin da ya tayar da maganar shi ne likita ya ce wa Innarmu ta riƙa tafiyar rabin awa kullum saboda ciwon sukari. Ta dube shi ta ce, "A ina, ɗana?" Ba gardama take yi ba, tambaya take. A tsohuwar unguwarmu ta wajen titin Mansur ba ta taɓa buƙatar a ce mata ta yi tafiya ba. Kasuwa a ƙafa, gidan biki a ƙafa, Harami ma a ƙafa in ta ga dama, lunguna kuma matsattsu ne, gida na yi wa gida inuwa. Tun da muka dawo sabuwar unguwa ta kudancin gari, mai faffaɗan tituna da dogayen katangu, ko burodi sai an kunna mota.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

Mun gama hanyar masallaci, kuma ita ce mafi gajarta. Saurayi zai ci ta cikin minti biyar. Malama ce ta kawo ƙa'idar da muka ɗauka: ba da ƙafar saurayi za a auna hanya ba, da ƙafar tsohuwa mai sanda da ta uwa mai tura keken jariri za a auna. Don haka muka roƙi Inna ta bi mu.

Ga abin da idona ya gani. Kowane mai gida shi ya yi rasif ɗin ƙofar gidansa, da tayil ɗin da ya ga dama, da tudun da ya ga dama. Na farko ya kai taƙi ɗaya, na kusa da shi ya kusa gwiwa, na uku kuma an zubo masa gangaren siminti tun daga ƙofar gareji har tsakiyar kwalta don mota ta ji daɗin shiga. Inna ta hau na farko, ta tsaya a bakin na biyu, ta kafa sanda, ta gwada ɗaga ƙafa, ta fasa. Sai ta sauko kan kwalta. A gida na biyar ruwan na'urar sanyaya ɗaki yana ɗiga daga sama a kan tayil mai sheƙi, har gansakuka ta fito. Daga nan ba ta ƙara kallon rasif ba, tsakiyar titi ta bi har masallaci, motoci na kauce mata, wani har da ƙaho. Ba wanda ya yi wannan gini da nufin cutar da kowa. Kowa motarsa ya duba, ba wanda ya duba mai wucewa.

Kawu ya yi shiru har muka koma gida, sannan ya ce kakansa daga ƙasar Kano ya taso da ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan yana noma yana ci gaba, shekaru kafin ya ga teku a Sawakin. "Yau jikarsa ta kasa zuwa masallacin unguwa." Ya faɗa da ɓacin rai, ni ma haka na ji ta.

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Ƙanena da ke aiki a Riyad ya cika mana waya da hotuna. Ranar 1 ga wata aka buɗe layuka uku na farko na jirgin ƙasan cikin birnin, kuma in an kammala buɗewa layuka shida ne, kilomita 176, tashoshi 85, tikitin awa biyu riyal 4. Na tambaye shi yadda yake zuwa tasha daga ɗakinsa. Ya ce abokin aikinsa ke sauke shi da mota, don tsakaninsa da tashar akwai babban titi da ba gadar masu ƙafa a kusa.

Mu ma matsalarmu ke nan da bas. Motocin bas na Makka sun fara aiki a 2022, layuka 12, kyauta da farko, daga baya aka sa riyal 4. Motoci ne masu tsabta da sanyi, kuma su nake shiga zuwa shagon kayan lantarkin da nake aiki. Mai mota ba ya jin wannan magana sosai, tunda litar fetur ta 91 riyal 2.18 ce tun 2021. Amma a unguwarmu gida nawa ne ke da mota fiye da ɗaya? Maigida ya fita da ita da asuba, shi ke nan, mata da yara da tsofaffi sun koma 'yan ƙafa ko 'yan jira. Tun 2018 mata ke tuƙi a ƙasar nan, amma izinin tuƙi daban, kuɗin mota daban.

Hanyar tashar bas ita ce mafi muni cikin huɗun. Rabin farko cikin unguwa ne, da sauƙi. Rabin ƙarshe gefen babban titi ne mai layi uku kowane hannu, tashar dawowa kuma tana wancan hannun. Wurin tsallakawa na doka yana can wajen fitilar hanya, da nisa. Mutane sun buɗe wa kansu kafa a shingen tsakiyar titi, suna ratsawa da gudu. Dokar hanya ta tanadi tarar riyal 1,000 zuwa 2,000 ga mai tsallaka babbar hanyar gudu da ƙafa, kuma ban ga laifin dokar ba, rai ake karewa. Sai dai duk inda ka ga an yanka shinge, to mutane ne ke nuna maka inda ya kamata a ce akwai mashiga. Mun sa wa wurin jan alama a taswira.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An yi ruwa mai ƙarfi a farkon mako. Makka gari ne na duwatsu da kwaruruka, ruwa ba ya tsayawa yin shawara, gangarowa yake da tsakuwa da yashi. Mun fita bayan ya ɗauke mun ɗauki hoton wurare uku da ya kwanta, biyu a kan hanyar makaranta. Murfin wata magudana ya goce. Ɗan yayata ya kira 940, lambar kai ƙorafi ta baladiyya, wato hukumar kula da gari, kuma an zo an mayar da shi.

Wani abu da ya kamata in rubuta: kai rahoto ta manhajar baladiyya yana buƙatar lambar katin shaida, kuma ba kowa a cikinmu ke son sunansa ya shiga takarda ba. Wasu iƙamarsu, wato katin izinin zama a ƙasa, na hannun sabuntawa, wasu tsoro ne kawai da aka gada. Mun yanke cewa duk rahoto da sunana ko na Kawu zai tafi. Mai ƙorafi ya faɗa mana da baki ya isa.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Ni da Kawu mun je Madina ta jirgin ƙasa na Haramaini, daga tashar Rusaifa. Ziyara ce ta kai mu, amma na ƙudurta sai na taka hanyar Ƙuba da idon wannan aiki.

Hanya ce ta masu ƙafa tsakanin Masallacin Annabi (SAW) da Masallacin Ƙuba, kimanin kilomita 3. Bayan sallar asuba muka kama ta. Abin da ya fara burge ni ba ƙawa ba ne, daidaito ne: shimfiɗa ɗaya daga farko har ƙarshe, ba hawa ba sauka, keken guragu na tafiya ba mai ɗaga shi. Akwai kujerun hutawa, akwai fitilu, shaguna kuma a buɗe suke ta gefen mai tafiya, mai shayi, mai dabino, mai turare. Kawu da ke kukan gwiwa a gida bai ce a tsaya ba sai da muka ci fiye da rabi, ya zauna, ya sha shayi, ya miƙe. Na ga tsofaffi 'yan Turkiyya da 'yan Indonesiya, na ji Hausa a bakin ɗaliban Jami'ar Musulunci, na ga 'yan gari suna sauri za su buɗe shago. Waɗannan na ƙarshen su suka fi jan hankalina, domin su ba ziyara suke ba, aiki za su, kuma hanyar ta ɗauke su.

Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan je Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. A Muslim kuma akwai labarin Banu Salima, da suka so su taso daga unguwarsu su dawo kusa da masallaci, sai ya ce musu su zauna a gidajensu, ana rubuta musu sawunsu. Tun muna yara muke jin wannan a wa'azi, ana kwaɗaitar da mu ladan kowane taku. To in takun ibada ne, gyara inda za a taka shi fa? Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, wannan ma nassi ne. Na ga ya kamata maganar gangaren gareji ta fito daga bakin liman, ba daga bakina ba.

Ban dawo da tunanin a mayar da unguwarmu hanyar Ƙuba ba. Waccan aikin hukuma ne da kuɗi mai yawa, kuma miliyoyin baƙi ke bin ta. Abu uku na ɗauko, kuma ba wanda ya fi ƙarfin unguwa: shimfiɗa mai daidai, wurin zama, da abin da zai sa mutum ya ji ba shi kaɗai ba ne a hanya.

Asabar, 15 ga Maris, 2025 (15 ga Ramadan)

Azumi ya nuna mana cewa mutanenmu ba ƙin tafiya suke ba. Daga an sha ruwa har sahur titi cike yake. Masu balila, wato dafaffen wake na Larabawa, da masu tsire sun kafa tebura, yara na ƙwallo, mata na tafiya rukuni-rukuni zuwa tarawihi. Titin da ba ka ganin ko kyanwa da azahar, shi ne ya koma dandali. Rana ce ta faɗi, kuma aka sami abin fitowa dominsa.

Na sami Baba liman bayan tarawihi a makon jiya. Na ce, "Allah gafarta Malam, wata alfarma muka zo nema." Na nuna masa hotunan Inna a tsakiyar titi. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ai ƙofar gidan wane ce." Na ce ba suna muka kawo ba. Ya yi murmushi ya ce ya gane. Bayan kwana biyu ya yi gajeriyar nasiha kan haƙƙin hanya tsakanin raka'o'i, bai ambaci kowa ba, ya ƙara da roƙon waɗanda gidajensu ke kusa su bar mota a gida, su bar wa tsofaffi da masu lalura wurin ajiyewa a ƙofar masallaci.

Sakamako ya zuwa yau: mai gida na biyar ya sa tiyo ya karkatar da ruwan na'urarsa zuwa gindin wata shuka. Mutum biyu sun daina hawa rasif da mota. Mai babban gangaren bai ce komai ba, kuma ya daina amsa min sallama da sakin fuska. Wannan ya dame ni, domin maƙwabci ne na kirki, ranar rasuwar mahaifinmu shi ya fara shigowa.

Laraba, 28 ga Mayu, 2025

Sau biyu a shekara rana ke daidaita a kan Ka'aba, wajen 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli. A na Mayu, da misalin ƙarfe 12:18 na rana, duk abin da ke tsaye a Makka inuwarsa na komawa ƙarƙashinsa. Mutanen nesa da wannan suke gyara alƙibla. Mu kuwa mun fita ne don mu ga mafi ƙarancin inuwar da hanyoyinmu ke iya samu.

Ba mu daɗe ba, don ba a wasa da wannan rana. Katangar da ke rufe rabin titi da safe ba ta ba da ko tafin hannu ba. A duk hanyar asibiti wuri uku kawai mutum zai iya fakewa: rumfar baƙala (kantin kayan masarufi), ƙarƙashin barandar wani bene da ta turo waje, da bishiyar dogon yaro guda ɗaya a ƙofar wani gida. Ɗan yayata ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen allon tashar bas ya janye da sauri. Kwalta na huci ta cikin takalmi. A ƙarƙashin dogon yaron nan muka tarar da ma'aikacin shara ɗan Bangaladash da wani mai kai saƙo a babur, kowa ya rakuɓe, ba mai magana.

Yanzu taswirar ta zama uku: ta ƙarfe bakwai na safe, ta azahar, ta bayan la'asar. Abin da ta koya mana shi ne hanya mafi kusa ba ita ce mafi sauƙi ba. Titunan da suka miƙe kudu da arewa suna da inuwa a hannun gabas da safe, a hannun yamma da yamma. Waɗanda suka miƙe gabas da yamma kuwa, a wannan watanni, a rana suke wuni. Zuwa asibiti da safe, in ka zaga ta bayan masallaci ka ƙara 'yan mintuna, amma kusan duk tafiyar a inuwa kake. Tsofaffin unguwa da yawa sun san haka da jikinsu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu dai mun zana ne don baƙo da yaro su gani.

Mun kuma sa alamar kowace na'urar ruwan sanyi ta sabil da masu gida ke kafawa a jikin katanga don sadaka. Da yawa sun taru a kusa da masallaci, hanyar tashar bas kuwa ba ko ɗaya. Malama ta ce akwai wata Hajiya cikin ɗalibanta da ke neman inda za ta yi wa mijinta marigayi sadaka mai gudana. An haɗa su da mai gidan da ke kan kwanar.

Yau 1 ga Zulhajji. Ba mai manta bara, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, aka rasa alhazai fiye da 1,300, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da mafaka ba. Duk mai kiran mutane su yi tafiyar ƙafa a garin nan, in bai fara da maganar inuwa da ruwa ba, to bai san garin ba. Za mu dakata sai bayan aikin Hajji.

Asabar, 21 ga Yuni, 2025

Dokar hana aiki a rana ta fara, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ƙarfe 12 zuwa 3. Mu ma mun bi ta. An kafa sabil ɗin kwana, yana aiki. Kawu ya tsiri renon dogon yaro a gwangwanaye a saman bene, ya ce itacen da ya rayu a filin Arfa ba zai gagara a ƙofar gida ba. Sai an tambayi izini kafin a dasa a bakin titi, kuma sai zafi ya sauka.

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

An koma makaranta ranar Lahadin da ta wuce. Ƙofar firamare da safe abin tsoro ce: kowa na son ya sauke ɗansa a bakin ƙofa daidai, motoci layi biyu, masu ribas, masu ƙaho, yaran da suka zo a ƙafa kuma suna ratsawa ta tsakaninsu, kansu bai kai tsayin gilashin mota ba. Uba na kawo ɗansa a mota don yana tsoron motoci, motarsa kuma ta zama abin tsoron ɗan wani.

Malama ce ta tsara abin da muke gwadawa. Yaran layuka uku na taruwa a ƙofar baƙala, babba ɗaya a gaba ɗaya a baya, a bi hanyar inuwar safe. Iyaye mata ke karɓa-karɓa, Kawu kuma kullum yana nan da 'yar rigarsa mai ƙyalli da ya ajiye tun zamanin tuƙi. Yara na kiransa Kaka, yana tsayar da mota da tafin hannu ɗaya, direbobi kuma suna tsayawa, ina jin furfurarsa suke gani. Dawowa da azahar ba mu yarda a yi a ƙafa ba tukuna, sai Nuwamba.

Wata uwa ta ce min, "Yaya, ni fa ba don lafiya na shiga ba, kuɗin mai ɗaukar yara ne ya ishe ni." Na ce hujjarta ta fi tawa ƙarfi.

Asabar, 25 ga Oktoba, 2025

Wani abokin aikina ya ga taswirar ya ce wahalar me muke sha, ga wuraren motsa jiki da aka gina ko'ina, masu shimfiɗar roba da fitilu. Gaskiya ne an gina, kuma suna da kyau. Cikin manufofin da gwamnati ta sa wa kanta zuwa shekarar 2030 akwai ɗaga yawan masu motsa jiki aƙalla sau ɗaya a mako daga kashi 13 zuwa kashi 40 cikin ɗari, a Riyad ma ana gina hanyar wasanni mai tsawon kilomita 135. Ina murna da su. Amma mafi kusa da mu sai an shiga mota a je, a yi zagaye, a shiga mota a dawo. Wannan na mai mota ne da mai lokaci. Matar da za ta kai jariri rigakafi, da yaron da za shi makaranta, da ni da zan kama bas ɗin safe, ba motsa jiki muka fito yi ba, wuri za mu, kuma daga ƙofar gida tafiyarmu ke farawa.

Inda aiki ya tsaya: hanyar masallaci ta gyaru sosai, saura babban gangaren. Mai gidan ya aiko ɗansa ya ce in za a sassauta shi ba tare da ƙasan motarsa ya riƙa gugar ƙasa ba, ya yarda. Akwai magini cikin jama'ar masallaci da ya ce zai zo ya duba ranar Alhamis bayan isha'i, siminti kuma mu za mu haɗa. Wani kamfani ya haƙa rami a hanyar asibiti tun watan jiya ya tafi ya bar shi da 'yan robobi a kewaye, mun kai rahoto, muna jira. Dogon yaron Kawu guda shida sun kama, sun kai tsayin gwiwa.

Maganar tsallaka babban titi ita ce ba ta motsa ba, kuma ita ce mai iya cin rai. Baba liman ya ce a rubuta takarda da Larabci mai kyau, a haɗa da hotunan kafar shingen da taswira, shi zai raka mu wurin umda, wato mai unguwa. Malama ta karɓi rubutun. Ni da ɗan yayata za mu tsaya a wurin da safe da kuma bayan magariba cikin makon nan, mu ƙirga masu ratsawa, don takardar ta tafi da adadi.